Gurbin da Ta Bari a Tsakanin Furanni

Nasiba ta tsaya a ƙofar falo da ledar cefane a hannu, idonta a kan teburin da ke jikin taga. Da safe rassa uku kacal ta bari a cikin faffaɗan kaskon tangaran, biyu sun karkata hagu, ɗaya ya rusuna ƙasa, ɓangaren dama kuwa babu komai sai ruwa. Yanzu ɓangaren nan ya cika maƙil da jajayen wardi, har suna ture juna.

Mijinta Safwan na tsaye a gefe, yana murmushin mai jiran yabo.

"Na ga furanni sun ƙare miki ba ki gama ba, shi ne na biya kanti na ƙaro miki. Ya yi kyau ko, Nasi tawa?"

"Wa ya ce maka ban gama ba?"

Murmushin ya fara dusashewa. Goggo, ƙanwar mahaifin Nasiba, ta leƙo daga kicin ta ce ai ita ta ba shi shawarar. Ina dalili baƙi su shigo su tarar da tsinke uku a kasko, kamar gidan da ake fama da babu? A Kano ko gurbin kwano ɗaya aka gani a jeren mace, sai an yi shekara ana yi wa danginta gori.

Nasiba ta ajiye ledar, ta shiga zare wardin ɗaya bayan ɗaya, ƙaya na sukarta ba ta ko ji. Da ta gama ta zube su a gaban Safwan ta shige ɗaki. Shi dai bawan Allah ya tsaya sororo, garin neman gira ya rasa ido.

Wanda bai san gidan ba zai ce rigimar fure ce. To ba fure ba ne.

Auren so suka yi, irin wanda har ƙawaye ke tsokana a kai. Safwan ya taho da ita Greensboro ta ƙasar Amurka, inda yake karatun digiri na uku, suka kama ɗan gida a bene a kan titin High Point. Da cikinta ya tsufa, a sanyin shekarar 1996, Goggo ta iso daga Kano da garin kunu da kanwa da shirin wankan jego. Sai haihuwar ta zo da gardama. Aka yi wa Nasiba aiki, jininta ya hau, ta kwana biyu ba ta san inda kanta yake ba. Kafin ta dawo hayyacinta, 'yar da ta haifa ta koma, har an kai ta makwancinta.

Ta san Safwan ya yi wa jaririyar huɗuba, ya raɗa mata suna a kunne kamar yadda kowane uba ke yi. Amma yarinyar ba ta kai ranar suna ba, don haka sunan bai fita ba. Ita kuma Nasiba 'yar fari ce ta haifa, kuma an tashe ta a gidan da uwa ba ta nuna zumuɗin ɗan fari ko da yana raye, balle ta buɗe baki ta tambayi sunan wanda ya koma. Ta yi ta jira ya faɗa mata da kansa. Bai faɗa ba.

Abin da ya yi shi ne abin da ya iya. Kafin a sallamo ta ya kwashe gadon jaririyar, ya cusa talabijin da kantar littattafai a kusurwar. Ya cika yininsa da makaranta, ya cika yammacinsa da aiki a gidan mai. In suka zauna shiru na ɗan lokaci, sai ya ɗauko labarin wani malaminsu ko tsadar taya. Sonta yake yi, wannan ko maƙiyi ya sani. Sai dai akwai mazan da in suka ga rami a zuciyar mace, tunaninsu ɗaya ne, a kawo ƙasa a cike.

'Yan'uwa Hausawa ma sun yi ƙoƙari. Sun zo da kuloli, sun ce haƙuri, sun ce Allah zai kawo wani mai albarka. Kowa na maganar wanda zai zo, babu mai maganar wadda ta tafi.

Mutum ɗaya ce ba ta ce mata komai ba, wata tsohuwa 'yar Japan mai suna Fumiko da ke zaune a ƙasan benensu, wadda mijinta Ba'amurke ya daɗe da rasuwa. Ta ga Nasiba zaune a matakala kullum da hantsi, rannan sai kawai ta yafito ta. A falonta ta ajiye mata kasko, da wani ɗan ƙarfe mai ƙusoshi da ake kafa rassa a kai, da tarin rassan bishiyar nan mai fararen furanni da ke cika garin in sanyi ya wuce.

Nasiba 'yar Kano ce, sai ta kafa su duka har ba a ganin ruwan. Tsohuwar ta yi dariya ta miƙa mata almakashi. Ta sa ta cire wannan, ta rage wancan, ta ƙara cirewa, har Nasiba ta fara jin haushin asarar furanni masu kyau. Da ya rage saura uku, Fumiko ta riƙe hannunta ta nuna mata wajen da babu komai. Ta ce a wurinsu nan ne zuciyar aikin. Rassan ba don kansu suke tsaye ba, wajen nan suke yi wa gadi, kuma wanda ya cike shi ya kashe sauran.

Nasiba ta daɗe tana kallon ruwan da ke kwance shi kaɗai. A nan, a falon baƙuwar da ko sunanta ba ta iya faɗa daidai, ta yi kukan da ba ta yi a asibiti ba. Tun daga ranar take jera rassa uku a jikin tagarta, tana barin dama a buɗe. Ita kaɗai ta san na wa ne wannan gurbin.

Shi ne yau aka cusa masa wardi.

Dama Goggo ta kusa komawa, kuma ta sha faɗa cewa Nasiba ta biyo ta gida ta huta cikin dangi. Da can Nasiba tana ƙi. A ranar nan ta ce to. Goggo ta yi murna, ita kuwa Nasiba ta sani a ranta cewa in ta taka jirgin nan, da wuya ta sake hawa benen nan. Ba don ta daina sonsa ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ta gaji ne da zama da wanda suka yi rashi ɗaya amma kowa na dakon nasa shi kaɗai.

Washegari da la'asar tana ninke kaya a akwati Safwan ya shigo, ko gidan man bai je ba. Ya tsaya a bakin gado, idanunsa sun yi ja.

"Yanzu a kan fure za ki tafi ki bar ni, Nasi? Na ce sorry... Wallahi gyara na yi niyya."

"Na sani. Kullum gyara kake yi."

"To ki faɗa min laifina."

Ta ajiye zanen da ke hannunta. Ta riga ta gama jin kunya.

"Duk inda ka ga gurbi sai ka cusa wani abu. Inda gadonta yake ka sa talabijin. In na yi shiru ka kawo labari. Ni ban ce ka dawo min da ita ba, wannan ikon Allah ne... Amma wata tara na ɗauke ta, Safwan. Ban ga fuskarta ba. Ko sunanta ban sani ba."

Ya zauna a ƙasa. Da ƙyar ya iya bayani. Ya ce tun tana asibiti ya so ya faɗa mata, manya suka ce kada ya soma, wai abin da ba a kira sunansa ba ya fi saurin barin zuciya. Da ya ga ba ta tambaya ba, sai ya ɗauka ba ta son ji. Ya ce sunan nan ya zame masa garwashi a baki. A mota yake faɗarsa shi kaɗai in ya tsaya a danja, don kada ya zama babu mai kiranta a duniya.

Nasiba ta sauko ta durƙusa a gabansa. Ashe duk watannin nan da take ganin ya manta, shi ma kuka yake yi a inda ba ta gani. Tausayinsa ya kama ta har ya so ya danne nata baƙin cikin.

"Da wa ta yi kama?"

"Da ke. Kunnuwanki ne sak... Da na yi mata huɗuba ta riƙe min yatsa, ba ta saki ba sai da nas ta ɓamɓare."

"Faɗa min."

Ya buɗe baki, ya faɗa.

"Khairiyya."

Ta rufe ido. Ta maimaita a hankali, sannan ta sake faɗa da ƙarfi yadda duk gidan zai ji. Goggo da ke tsaye a bakin ƙofa ta buɗe baki za ta tsawata a kan wannan rashin kunya, sai ta fasa. Ta ja gefen mayafi ta share ido, ta janyo musu ƙofar.

Sun daɗe a haka, goshinta a kafaɗarsa, ba mai cewa komai. A karon farko Safwan bai nemi labarin da zai toshe shirun da shi ba. Sai da aka kusa magariba Nasiba ta ɗago, ta dubi akwatin da ke buɗe a kan gado, ta dubi mutumin da ya yi kwana biyu kacal yana uba, ba wanda ya taɓa kiransa da shi.

"Baban Khairiyya," ta ce, "tashi ka mayar min da kayan nan cikin durowa."

Bai tashi ba. Ya kifa fuskarsa a tafin hannunta, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.