Wace Tsohuwa Kake Nufi?

Ranar da ya fara ganin yarinyar a gajiye yake liƙis. Mai gyaran kwamfuta ne, cikin 'yan kaɗan da suka maƙale wa wata daɗaɗɗiyar manhaja da kamfaninta ya daina kula da ita. 'Yan sana'ar ba sa ko kiran sunanta, Tsohuwa kawai suke cewa.

Shagon ɗab'in wata dattijuwa aka kira shi, don injin buga katinsu ba ya aiki sai da Tsohuwa. 'Yar mai shagon ya tarar gaban kwamfutar ta yi tagumi, tawada duk a yatsunta.

"Malam, za ta tashi kuwa?"

"Za ta tashi, sai dai da lallashi."

Ta yi murmushi. Gyaran minti ashirin sai da bawan Allah ya ja shi har la'asar.

Daga nan saƙonni suka fara. Tana kiransa Injiniyana, yana kiranta Tawan. Uwar kuwa ba ta yi na'am ba. Ta ce sana'arsa mutuwa take yi, ga mai shagon sababbin kwamfutoci yana ta sintiri da turare wajen neman 'yarta.

Wata rana ya dawo daga aiki bayansa na ciwo, ya rubuta mata:

"Tawan, wallahi na gaji da Tsohuwar nan. Kasuwarta ta ƙare, da wuya ta kai baɗi. In ta mutu mu huta, mu fara sabuwar rayuwa."

Wayar tana kan teburin yankan takarda, uwar ce ta karanta.

Aka hana shi taka shagon. Yarinyar ta yi bayani har muryarta ta dushe, uwar ta ce ba yau aka haife ta ba. Sati uku ba ya cin abin kirki. Yana son ta, kuma ya tabbata ya rasa ta.

Sai injin ya tsaya ana tsakiyar aiki. Mai turare ya duba ya ce a zubar da komai a sayi sabo. Dole uwar ta aika a kira korarren.

Ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Ya durƙusa ƙarƙashin tebur, ya yi ta fama har ya manta da kowa. Can ya shafa akwatin kwamfutar.

"Haba Tsohuwa, yi haƙuri ki tashi. Ko don ni."

"Da wa kake?" in ji uwar, a fusace.

Ya ɗago, hannunsa na kan akwatin. Ta dube shi, ta dubi akwatin. Sai ta ja kujera ta zauna.

"To, in ta mutun, da me za ka riƙe min 'ya?"

"Ina koyon sabuwar, Mama. Amma muddin akwai mai inji irin naku, ba zan bar shi a hanya ba."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da suka je sallama, uwar ta haɗa hannayensu, idonta ya ciko.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙurin zama da juna."

"Amin, Mama," ya ce a hankali, yana auna kowane harafi.