Ranar da Auta Ta Ga Ganye

Da ƙyar Gwaggo ta tura Auta cikin shagon, kamar mai jan akuya cikin ruwan sama.

"Ga ta nan, Mai Tabarau. Jiya ta gaida sandar lantarki, har da russunawa. Duba mana idon nan kafin ta gaida rijiya."

Saurayin ya fara dariya, sai ya lura budurwar a tsorace take, ya haɗiye sauran. Ya zaunar da ita, ya ɗora mata wani tabarau mai nauyi na gwaji, ya zura gilashi ɗaya, ya cire, ya zura wani.

"Malama, dubi allon can. Wanne ya fi fito miki da rubutun, na ɗaya ko na biyu?"

"Wanda ka ce," in ji ta, kanta a sunkuye.

"Ai ba ni zan ce ba. Idonki ne."

Shekara ashirin da huɗu Auta ta yi a duniya, ba a taɓa tambayarta wanne ta fi so ba.

A Ƙaramin Garke aka haife ta, wata majami'a mai doguwar katanga da ƙofa ɗaya. Shugabansu, wanda suke kira Makiyayi, shi ke zaɓar wa kowa launin tufafi, da sana'a, da abokin aure. Ba a ɗaga ido a dubi fuskarsa. Ba a shan magani. Tabarau kuwa, cewa yake yi wanda ya dogara da gilashi ya raina Wanda ya halicci ido. Da zazzaɓi ya kwantar da babanta har ya tafi ba a ba shi ko ƙwaya ɗaya ba, Auta ta ɗaure kayanta ta nufi gidan Gwaggo, ƙanwar baban. A dokar Garke, wanda ya fita ba a ƙara dubansa. A bakin ƙofa Mama ta juya mata baya. Wata huɗu ke nan, kuma babu abin da Auta ke roƙon Allah kamar Mama ta sake juyowa.

"Na biyu," ta faɗa a ƙarshe, da ƙaramar murya, tana jiran tsawa.

"Madalla. To wannan da wannan fa?"

Bayan kwana uku suka dawo karɓa. Ya saka mata da hannunsa, ya ce ta leƙa waje. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, sai ta dafe bango.

Akwai bishiya a tsallaken titi. Duk rayuwarta ta ɗauka bishiya wani dunƙulen kore ne, kamar an tara auduga an rina. Yanzu ga ganye, ɗaya bayan ɗaya, dubbai, kowane da bakinsa, kowane na rawarsa dabam, rana na ratsa su.

"Gwaggo," ta ce, hawaye na zuba, "ashe ɗaya-ɗaya Ya yi su? Duk Ya zauna Ya yi su ɗaya-ɗaya?"

Mai Tabarau ya saka wa mutane da yawa tabarau, amma ranar nan nasa ne ya yi hazo. Ya cire yana gogewa. Ta juyo ta ƙura masa ido.

"Me ya same ka a hanci?"

Ya shafa 'yan tabo biyu da ke gefen karan hancinsa. "Hatimin 'yan ƙungiyarmu ke nan, ke ma naki na tafe. Duk mai sa tabarau kullum sai ya bar masa su. Ko ya ɓoye tabarau a aljihu, hanci zai tona masa asiri. Af, irin idonki gado ne. Wa ke da shi a gida?"

"Mama. Da murya take gane mutane."

Ya ba ta lambarsa, wai ko tabarau zai matse ta. Bai matse ta ba, amma saƙo ya fara zuwa.

"Likita, yau na ga tsuntsaye tara a kan waya. Ɗaya ƙafa ɗaya gare shi."

"Ni ba likita ba ne, Ganyena. Amma ki gaishe shi."

"Likita, ashe ruwan sama ɗigo-ɗigo yake saukowa? Na tsaya kallo har na jiƙe."

"Ni kuma tun da kika fita shagon nan komai nake gani biyu-biyu. Anya ba kin tafi da idona ba?"

"Likita, ashe Gwaggo ta tsufa."

"Ki goge wannan kafin ta gani, ina son ranki."

Kullum da yamma yakan rufe shago ya biya ta shagon ɗinkin da take sa maɓalli, ya raka ta tashar bas. Ba komai ne ya zo da sauƙi ba. In ya tsaya sayen lemo ya ce wanne za ta sha, sai gumi ya keto mata. In ta yi dariya da ƙarfi sai ta waiga, ko wani zai kai rahoto. Shi kuwa sai ya jira. Ya iya jira, sana'arsa ce.

Wata shida ana haka. Ran wata Talata, a ƙarƙashin bishiyar nan, ya gyara murya.

"Ganyena, na daɗe ina addu'a a kanki. Allah ya nuna mini ke ce matata."

Da wannan magana Makiyayi ke raba aure, da ita yake ɗaurawa, da ita ya hana babanta magani. Allah ya nuna mini. Bayanta babu tambaya, babu amsa. Ashe waje ma haka yake? Ta ja da baya, ta juya, ta ruga, yana kira ba ta waiga ba.

Kamar haɗin baki, washegari sai ga Mai Waƙa, shugaban mawaƙan Garke, a shagon ɗinki. Ya shigo da baya-baya, ya fuskanci bango, don ba a magana da wanda ya fita, sai dai a gaya wa bango ya ji.

"Ana gaya wa bango," ya ce, teloli na kallonsa baki buɗe, "an nuna wa Makiyayi. Ranar Lahadi ɓatacciyar tunkiya ta zo da gilashinta a fuska, ta cire a gaban Garke ta taka. Za a ɗaura mata aure da ni. Sannan uwarta ta juyo. Ana kuma gaya wa bango, uwar ta daina cin abinci."

"Malam, bangon ya ce ka yi hankali da allura a bayanka," in ji wata tela. Aka yi dariya. Auta ba ta yi ba.

In dai ko'ina nuna wa wani za a yi, ta ce a ranta, gara inda Mama take.

Da Gwaggo ta ji duk abin da ya faru, ba ta tsaya lallashi ba, shagon tabarau ta nufa ta wanke mai shi tas. Kafin la'asar wayar Auta ta yi ƙara.

"Ganyena, Gwaggo ta faɗa mini abin da na taka. Ki yafe ni. Ban ji wata murya daga sama ba. Ni ne kawai nake sonki, kunya ta sa na laɓe a bayan Allah. Tambaya ce, ba umarni ba. Na ɗaya, e. Na biyu, a'a. Idonki ne."

Ta karanta sau bakwai. Sannan ta rubuta, "Na biyu."

Ta ajiye wayar ta jira fushi, ko tsinuwa, ko a ce ta saɓa wa Ubangiji. Amsa ta shigo.

"To. Na gode da kika faɗa mini gaskiya. Ki riƙa goge tabarau da ƙyallensa, ba da bakin mayafi ba."

Shi ke nan. Ta ce a'a, sama ba ta faɗo ba. Ta zauna tana kallon saƙon kamar yadda ta kalli bishiya. Amma Mama ba ta cin abinci, kuma Lahadi ta zo.

Tana shiga zauren Garke, mutum ɗari biyu suka juya mata baya lokaci guda, kamar iska ta kaɗa gona. Ta bi tsakiya tana tafiya. Yau ne karo na farko da ta ga wurin da ta girma. Ashe ƙarami ne. Ashe rufin ya tsage. Hasken nan da take gani kewaye da kan Makiyayi tun tana yarinya, wanda ke cika ta da tsoro, ashe ƙwan lantarki ne aka maƙala a bayan kujerarsa.

"Durƙusa," in ji muryar da ta sani. "Cire abin kunyar nan ki taka."

Ta durƙusa taku biyu daga gabansa. Ta kai hannu ga tabarau. Sai ta ce a ranta, tunda gani na ƙarshe ne, bari in ga fuskar da ta ci ran babana. Ta ɗaga ido.

Wani ɗan tsoho ne mai gajiyayyar fuska. A gefen karan hancinsa, dama da hagu, ga tabo biyu sun yi zurfi, sun yi baƙi, na shekara da shekaru.

Auta ta miƙe tsaye.

"Baba," ta ce, muryarta har ƙarshen zaure, "naka lamba nawa ne?"

Hannunsa ya tashi da kansa ya rufe hancin. Waɗanda suka saci waige sun gani. Guna-guni ya tashi. Mai Waƙa ya ɗauko waƙa don ya rufe, mutum uku kawai suka amsa.

Ba ta ƙara bi ta kansu ba. Ta nufi layi na huɗu, inda wata ramammiyar mace ke fuskantar bango. Ta zagaya gabanta, ta cire tabarau ta saka mata. Mama ta runtse ido gam.

"Mama, ban ce ki bi ni ba. Ko ki buɗe, ko ki bar shi a rufe. Idonki ne."

Ta ja da baya taku biyar, duniya ta koma mata hazo.

Sai ta ji an ja numfashi.

"Auta." Muryar Mama ce. "Auta, ashe haka kike gaba ɗayanki? Ban taɓa ganinki daga kai har ƙafa ba. Tsayuwar babanki ce sak. Wayyo Allah, dubi abin da na haifa."

Mama ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juya ta dubi mutumin da ke kan kujera, hannunsa a hanci, ta dube shi duba mai tsawo. Ta kama hannun 'yarta.

"Zo, ke ba kya gani. Ni zan ja ki."

A tsallaken titi Gwaggo na tsaye, kusa da ita wani dogon hazo da Auta ta gane tun kafin ya yi magana.

"Ban zo hana ki komai ba," ya ce da sauri. "Na dai yanka miki wani ne, ko da an taka wancan. Gwaggo ce ma za ta ba ki, ni tafiya zan yi."

Ya miƙo. Ta saka. Ga shi nan sarai, ya rame, ya sa maɓallin rigarsa a karkace.

"Likita, sake tambayata."

Ya gyara tsayuwa. "Na ɗaya ko na biyu?"

"Na ɗaya."

"Kin tabbata? In sake gwada miki..."

"Kai, ka karɓa kafin ta canza!" in ji Gwaggo, tana kai masa duka da jaka.

Mama ba ta ji komai ba. Tana can ta ɗaga kai tana kallon wata bishiya, bakinta na motsi.

Ba a warke rana ɗaya ba. Mama ta yi makonni tana neman izini kafin ta buɗe taga. Ranar da aka kai ta gwaji, sai da ta yi rabin awa kafin ta zaɓi tsakanin na ɗaya da na biyu, surukin nata na zaune yana jira, kamar ba shi da wani aiki a duniya. Da aka zo zaɓen firam ɗin tabarau kuwa, bayan shekara talatin cikin tufafi ruwan toka, ja ta nuna.

A wani ƙaramin coci mai manyan tagogi aka ɗaura auren. Da fasto ya tambayi amarya ko ta yarda, sai ta ɗan yi jim, tana ɗanɗana tambayar, har ango ya fara zufa. Sannan ta amsa da ƙarfi, har na baya suka yi dariya.

Mama ta taso da jan tabarau, ta ɗora hannu a kan kowannensu.

"Wanda ya yi ganye ɗaya-ɗaya bai manta ko guda ba, Ya dube ku da idon rahama. Ya ba ku gida mai taga. Kada a taɓa juya wa kowa baya a cikinsa."

Aka ce amin. Auta ta ɗago ta dubi mijinta, shi ma ya dube ta. A gefen karan hancinta 'yan tabo biyu sun fara fitowa. Ya kai yatsa a hankali ya taɓa su.

"Barka da shigowa ƙungiya, Ganyena."