Zamzam a Bakin Tasha

Ranar da aka fara jifan gidan Misbahu, yamma ce irin ta kullum a tsakiyar damina. Hadari ya taru a gabas bai zubo ba, masu babur na ta sauri su koma gida, ƙamshin citta ya cika tsakar gida. Yasmin na durƙushe gaban murhu tana fifita gawayi. Mahaifinta Misbahu ya dawo daga kasuwa, ya yi alwala, ya shige ɗakin baya kamar yadda ya saba kafin magariba.

Misbahu ɗan kasuwar citta ne a Kafanchan, kakansa ma a garin aka haife shi. Yakan sayi busasshiya daga manoman Madakiya da Fadan Kaje, ya tara, ya sayar wa masu manyan motoci. Amma tun yana makarantar horon malamai yake gaya wa mutane zai rubuta littafi. Ya gaya wa abokansa, ya gaya wa Kubra kafin ya aure ta, ya ci gaba da gaya mata har ciwo ya ɗauke ta, ta bar shi da 'yarsu ɗaya. Labarin na ƙanwar mahaifiyarsa ne, Zamzam, wadda tana budurwa ta ɗauki farantin gyaɗa zuwa tashar jirgin ƙasa wata yamma, ba a sake ganinta ba. Shi bai taɓa ganinta ba. So yake ya ƙirƙira mata rayuwar da ta yi bayan wannan yammar.

Kullum da abin da ke hana shi. In ba kakar citta ba, to azumi. In an sha ruwa, sai ya ce bari yarinya ta gama makaranta. Bayan rasuwar Kubra ya koma zama a ɗakin baya cikin buhuna, takarda a gabansa. Sai ya ɗaga kai ya faɗi jimlar farko a bayyane, don ya ji daɗinta a kunne: "Zamzam ta tsaya a bakin tasha." Daga nan ya yi shiru har a kira salla. Shekaru ya yi a haka.

A wannan yammar, yana rufe baki dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin. Ya ɗauka ƙanƙara ce. Wani ya biyo, sannan wasu, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Ya fito ya tarar da Yasmin tsaye da mafici a hannu tana kallon sama. Suka zaga bayan gida, babu kowa sai ciyawa. Duwatsun da suka gangaro ƙasa baƙaƙe ne masu kaifi, irin waɗanda ake zubawa a ƙarƙashin layin dogo. Daga gidansu zuwa layin kuwa tafiya ce mai ɗan nisa.

Kashegari ma aka yi, da ranar da ta biyo baya. Ba a jifan sai rana ta yi ja. Daga baya Yasmin ta fara cewa tana jin wata mace na tari a ɗakin baya, tarin wanda ya gaji da jira. Misbahu ya tofa addu'a a ruwa ya yayyafa, ya ce mata gafiya ce. Shi kansa bai yarda da maganarsa ba.

Wata yamma ya dawo ya sami Yasmin a ƙofar gida, tsaye, da farantin silba a ka, ba komai a cikinsa. Ta fuskanci ɓangaren tasha. Ya kira sunanta ba ta juyo ba. Ya kama hannunta ya ji shi sanyi ƙalau. Ba ta motsa ba sai da aka idar da magariba, sannan ta sulale ƙasa, ta farka tana tambayar wa ya fito da ita waje.

Haka abin ya zame mata kullum. Ta daina cin abinci, wuyanta ya yi tsawo. Takardar shiga makarantar koyon aikin jinya da ta samu tana nan a kan talabijin, lokacin rajista na wucewa. A asibiti aka ɗebi jini, aka ce ba a ga komai ba. Maƙwabta suka fara janye 'ya'yansu, masu kawo citta suka koma tsayawa daga bakin titi. Misbahu yakan zauna a tabarma kusa da ita da rana, ba mai shigowa, ba mai sallama, sai ɗigar ruwa daga indararo.

Mutum ɗaya ce ba ta ɗauke ƙafa ba, Mama Faustina, tsohuwar malamar firamare da ke gidan da ke kallon nasu, ƙawar Kubra. Takan kawo gwaten acca, ta matsa wa yarinyar ta sha cokali biyu. Wata rana ta ja Misbahu gefe.

"Baban Yasmin, wannan ciwo ba na asibiti ba ne. Ka nemo malaminku. Ni kuma zan sa ta a addu'a a majami'a, Ubangiji ɗaya ne zai ji."

Malam Abdu ya zo daga Kauru a ƙaramar bas, tsoho ne siriri mai ƙaramar murya. Bai yi tambaya da yawa ba. Ya zaga gidan, ya daɗe tsaye a ƙofar ɗakin baya, sannan ya ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar. Mama Faustina ta riƙe kafaɗun Yasmin. Malam ya fara karatu a hankali, yana maimaita ayoyin. Inuwar katanga ta miƙe har ta rufe su.

Can jikin yarinyar ya sandare. Ta buɗe ido, amma kallon ba nata ba ne. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a dishe.

Malam ya tambayi sunanta. Ta ce ba ta da suna sai wanda mai gidan ya ba ta. Ta ce a ɗakin nan take tun ba a yi masa rufi ba, danginta aljanu duk sun watse, ita kaɗai ta rage. Wata yamma mutumin nan ya shigo ya kira Zamzam, ba wanda ya amsa, sai ita ta amsa.

"Kullum sai ya kira ni, ya kai ni bakin tasha, ya tsayar da ni, ya tafi sallarsa. Jirgi bai zo ba. Bai ce in koma gida ba. Na gaji da tsayuwa, shi ne na sa 'yarsa ta tsaya mini."

Malam ya ce mata zalunci ta yi, yarinya ba ta kira ta ba. Ta ce to a bar mata yarinyar da yamma kawai, ta samu abokiyar zama. Malam ya ce ko ƙiftawar ido ba za a ba ta ba, ya ɗaga murya da karatu har ta yi ƙara ta ce ya dakata. Ta nemi a yanka mata baƙar akuya, ya ce ba a yanka wa kowa sai Allah. Da ta sake magana, muryar ta yi ƙasa ƙwarai.

"To ya sallame ni. Ko ya sa ni a jirgin, ko ya daina kirana."

Malam ya juyo ya ce wa Misbahu mafi sauƙi ya ƙone takardun, ya manta da sunan. Misbahu ya dubi 'yarsa, ƙasusuwan wuyanta a waje. Ya tuna mahaifiyarsa da ta mutu tana sauraron kukan jirgi. Sai ya ce, "Jirgin Jos ne ya zo. Ta hau taragon baya, wata mata mai goyo ta matsa mata ta zauna."

Bai san daga ina maganar ta fito ba. Fuskar Yasmin ta saki. Muryar ta tambaya ko akwai taga a wurin, ya ce akwai. Malam ya sa ta yi alƙawarin ba za ta dawo gidan ba, ta yi, ta fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu. Yasmin ta yi atishawa, ta fashe da kuka a jikin Mama Faustina, ladan na kiran magariba.

Kafin ya tafi, Malam Abdu ya ce masa kada ya ƙara zama shi kaɗai a ɗakin nan da almuru. In zai yi rubutunsa, ya yi da safe, a fili, da bismilla.

Ba a sake jifa ba. Yasmin ta murmure a hankali, aka roƙa mata alfarma a makarantar, ta ɗauki akwatinta ta tafi. Gidan ya yi shirun da bai taɓa yi ba. Misbahu ya fito da tebur ƙarƙashin rumfa, yana rubutu bayan asuba kafin kasuwa. Rubutun ba kyau, ya sani, yana sokewa fiye da abin da yake bari. Da ya kai inda jirgin zai tashi sai ya tsaya cak, don bai taɓa shiga jirgin wancan zamanin ba. Ya ji tsohuwar kasalar na taso masa, har ya fara cewa a ransa bari sai bayan kaka.

Ya rufe biron, ya tsallaka titi ya tambayi Mama Faustina ko ta san wanda zai ba shi labarin jirgin. Ta ce yayanta Boaz ya yi aikin duba tikiti a jirgin, yana nan da rai a Madakiya, kunnensa ne kawai ya yi nauyi. Ranar Misbahu bai buɗe rumfarsa ta kasuwa ba. Ya hau babur cikin yayyafi, ya tarar da tsohon zaune shi kaɗai a baranda, ya gaishe shi da ƙarfi, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Baba Boaz ya share kujerar da ke gefensa da tafin hannu.

"Zauna, ɗana. Tun da na bar aiki, ba wanda ya tambaye ni."