Waya Bakwai a Hanyar Tungar Labbo

Ranar Alhamis ce, bayan azahar, na turo kekena na fita neman hanya. Na fita ba don ina so ba. Gwiwata ta dama ta kwana tana ciwo, ga shi tun safe ina durƙushe kan facin tayoyin mutane.

Sunana Is'haƙa. Gyaran keke ne sana'ata, shekara talatin da wani abu. Asalinmu wani ƙauye ne gefen Gatawa, amma shekara huɗu ke nan da munka baro shi munka zauna Isa, tun ranar da mutanen daji masu bindiga sunka shigo. Ɗaki biyu na aro muke ciki, ni da matata Khadijatu.

Wanshekare, Juma'a, za a ɗaura auren ɗana Zayyanu. Iyayen yarinyar na Tungar Labbo, can gaba da Tozai, kuma sun ce a gidansu za a yi. Ba a ja da surukai. Babbar hanya ba ta biyuwa. Babur kuwa, kukansa kawai ya isa ya kira maka waɗanda ba ka gayyata ba. Sai munka yanke a tafi da kekuna, dattijai goma sha ɗaya, biyu-biyu da tazara, don kada a ga taro. Cikinsu har da yayana Malami, shi ne wakilin ango, ga shi ido ɗaya ya fara dushewa.

In an tafi a rarrabe, dole wani ya riga ya bi ya sa alama. Wa za a aika? Mai gyaran keke mana. Komi ya taso, Is'haƙa.

A bakin gari na iske Baffa Yero, tsohon makiyayin da babu ɗan turbar da bai taka ba tsakanin Isa da Burkusuma. Shanunsa sun ƙare, sai sanda ta rage masa. Ya zana min hanyar a ƙasa: in bi bayan fadama, in bar gulbi a hagu, mararraba bakwai.

"Kowace mararraba, ka rufe turbar da ba a bi," ya ce. "Ka san yadda a kan yi?"

"Haba Baffa. Tun ina yaro."

"Ɗanyen reshe. Sabara ko geza. Ka gicciya shi bakin turbar." Ya ɗago ya dube ni. "Ganye na bushewa, hanya ta buɗe da kanta. Shi ya sa."

Na ce to. Gaskiya rabin hankalina na kan gwiwa.

Ƙarshen damina ne. Gero ya wuce kan mutum, turba ta matse, yashi ya jiƙe ya kwanta, keke na tafiya ba ƙara. Na ɗaure ƙararrawa da tsumma. Ba sawun babur ko ɗaya, sai na awaki da na wata mata mai ƙaramar ƙafa.

A mararraba ta farko na sauka na nufi wata sabara. Sai na ga akuya tsaye tana cin ta. Na ce a raina, yanzu in gicciya reshen nan, kafin gobe wannan 'yar banza ta cinye, Malami ya zo da idonsa ɗaya ya miƙe daji. Ga gwiwa. Sau bakwai za ni shiga ƙaya ina karyar reshe?

A jakar kayan aikina akwai tsofaffin wayoyin ƙafar keke, dami guda. Na zaro ɗaya, na lanƙwasa bakinta biyu, na kafa ta gicciye a bakin turbar, na taka da dunduniya. Na ɗaura mata jan ƙyalle. Akuya ba ta cin ƙarfe, iska ba ta ɗaukarsa. Har na yaba wa kaina dabara.

Haka na yi sau bakwai.

Na isa Tungar Labbo da la'asar. Surukai sunka kawo fura, sunka tsare ni da gaisuwa, wanga ya gaishe ka, wancan ya gaishe ka. Uban yarinyar ya ce in kwana. Na ce ina, mutanena na jiran labari. Ko da na hau keke, rana ta yi ja.

Tun daga bayan gari na ji wani abu ya sake. Ɗazu kwaɗin fadama na ta kuka. Yanzu shiru.

Sai wari. Toka jiƙaƙƙa, da tsamin nono, da zufar taro, irin na cikin motar kasuwa in an rufe gilashi. Na duba gabas da yamma. Gero kawai.

Iska ba ta motsi, amma karan gero na bakin turba na lanƙwashewa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana raɓawa.

Feda ta yi nauyi.

Na ɗauka taya ce ta sace. Na leƙa. Ta kwanta, amma ba irin kwanciyar faci ba. Na san taya. Wannan kwanciyar kaya ce.

Kariyar keken, mazaunin baya, ta yi ƙara. Ƙiii. Yadda takan yi in mutum ya gyara zama.

Na fara karanta duk abin da na iya. Ayar na kakkarye min. Wani abu ya goge ni a gwiwar hannu, mai ɗumi. A hagu wani ya yi tari. A dama, ƙasa-ƙasa, jariri ya fara kuka anka yi masa shiit.

Sai murya, dab da kunnena. Ta tsohuwa ce, a gajiye, ba faɗa cikinta.

"Mai ƙarfe."

Ban waiwaya ba.

"Mai ƙarfe, ina za mu bi?"

Ƙafata ta zame daga feda. Na tsaya. Numfashi ta ko'ina, gaba da baya, cunkus.

"Tun azahar muna nan," ta ce. "Kowa ya nufi gida, ya iske ka kulle."

A nan maganar Baffa Yero ta dawo min. Ganye na bushewa. Ganye ɗan Adam kawai yake yi wa magana. Ƙarfe kuwa, wane yaro ne bai san su wa ke tsoronsa ba? Mu da muke sa wa mai jego wuƙa ƙarƙashin matashi. Na toshe turba bakwai, na tara duk mai tafiyar almuru na zuba shi a hanya guda. Hanyar da na zaɓa wa Malami.

"Gobe mutanenka za su zo," ta ce a hankali. "Su taka mu. Akwai waɗanda ba su da haƙuri irin nawa."

Wani abu ya yi gurnani can baya. Ba na kare ba.

"Za ni buɗe," na ce. "Ku yi haƙuri, Inna. Za ni buɗe."

Mararraba ta bakwai na gabana, taku kamar ashirin. Keken ya ƙi tukuwa, sai turawa na yi, ina jan gwiwa. Na durƙusa na kama jan ƙyallen na fizge.

Iska ta wuce ta kaina, mai zafi. Gero ya dare biyu a turbar, ya yi ta darewa har inda ido ya ƙare.

Keken ya ɗan yi sauƙi.

Ta shida. Na fizge. Na ji ƙarar ƙorai na gwaruwa, sunka yi nisa.

Ta biyar, wayar ta yanke ni a tafin hannu. Ban ji zafin ba sai da na ga jini a kan keke. Kukan jaririn ya bi ta nan ya tafi.

Duhu na sauka. Ba wanda ya ce min sannu, ba wanda ya zage ni. Jira kawai suke, a bayana, kamar masu layin rijiya.

Ta huɗu tana gindin wani gawo. Turbar da na rufe a nan ita ce mai zuwa wani kufai, garin da anka tashi bara. Na durƙusa. Ban ga ƙyallen ba.

Na shafa yashi. Babu.

"Wagga ita ce tawa," tsohuwar ta ce.

Na shafa dama, na shafa hagu. Ƙaya, tsakuwa, kashin akuya.

Sai na ji shi.

Can cikin turbar kufai. Ƙasa-ƙasa, kamar zuma a kogon itace. Babura. Ba ɗaya ba, ba biyar ba.

Na tona da hannu biyu.

Haske ya taɓa saman gawon.

"Tashi," ta ce.

"Tana nan, Inna, yanzu na…"

"Waɗannan ba su jin ƙarfe. Tashi."

Ban san yadda na hau ba. Na dai ji hannuwa a gadon bayana, da yawa, suna turi. Gwiwar da ta hana ni karyar reshe ta yi ta juya feda. Gero na marina a fuska. A baya kukan baburan ya iso gawon, ya tsaya. Wani ya yi dariya. Anka haska fitila ta bi turbar tawa.

Geron da ke bayana ya rufe. Na ji shi, shaaa, kamar an ja labule.

Fitilar ta yi yawo, ta koma. Baburan sunka miƙe yamma.

Ta uku, ta biyu, ta farko, na cire su. A kowace wasu na sauka. Ko da na ga fitilun Isa, kwaɗi sun dawo da kukansu, warin ya tafi.

Kariya ta yi ƙara. Ƙiii.

Khadijatu na bakin ƙofa. Ta ga hannuna, ta ga fuskata, ta kawo ruwa. Na juye jakar a tabarma na ƙirga wayoyi masu jan ƙyalle. Shida.

Da dare anka yi ruwa mai ƙarfi.

Da asuba na je wurin Baffa Yero na faɗa masa duka. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ɗauki sandarsa.

"Dabara ta yi maka yawa, Is'haƙa," ya ce. "Ɗauko lauje."

Munka yanki sabara runguma guda. Na riga kowa fita, na rufe turbobin da ganye, yadda kakanni sunka yi. A gindin gawo na sauka. Ruwa ya kwaso yashi ya shafe wurin sumul, ga sauran sawun babura a gefe, sun tattake bakin turbar. Na tona har gwiwar hannu. Na matsa na sake tonawa. Ina nan Malami da abokin tafiyarsa sunka iso.

"Kai kuma mi kake nema a nan?" ya ce da raɗa. "Wurin ga ne za ka tsaya? Hau mu tafi."

Na hau.

An ɗaura aure. Mu goma sha biyu munka je, mu goma sha biyu munka dawo kafin la'asar, ko ƙaya ba ta soki tayar kowa ba. Malami har yau yana ba da labarin yadda ƙanensa ya san daji.

Kwana tara bayan nan mutanen daji sunka kafa zango kusa da gawon. Hanyar ta mutu. Su kansu mutanen Tungar Labbo ta Tozai suke zagayowa yanzu, in sun samu rakiya.

Shekara ɗaya da wata biyu ke nan. Tayar baya na canza ta sau uku. Ba ƙusa, ba ƙaya, ta dai cinye kamar ta mai dakon buhu. Khadijatu ta daina tambaya. Ta daina kuma jingina tsintsiya a jikin keken. Wata rana na ga ta share gefensa ta yayyafa ruwa, yadda takan yi in za mu yi baƙo.

Tsohuwar da ke kan kariya ba ta taɓa cutar da kowa ba. Ba ta magana da rana. Sai almuru, in na rufe rumfa na turo keken zuwa gida, kariya ta yi ƙararta.

"Mai ƙarfe. Yau fa?"

Farko tsoro nake ji. Yanzu kunya ce, da gajiya. Na san tambayar. Khadijatu ta yi shekara biyu tana yi min ita kan namu garin, kafin ta bari.

Amsar da na riƙa ba Khadijatu, ita nake ba tsohuwar.

"Ba yau ba, Inna. Hanya ba ta yi kyau ba tukuna."

Sai ta gyara zama, mu tafi gida.