Yarinyar da Ta Ɓoye Ƙoƙon Terere

A garin Luque akwai wata yarinya mai kaifin kai, sai dai akwai ta da shisshigi. Mahaifiyarta tana da ɗan kamfanin ɗinka jakunkunan fata, da ma'aikata shida.

Kullum ƙarfe goma na safe ake tsayar da kekunan ɗinki. Sai a zauna a inuwar mangwaro a sha terere, wato ganyen shayi a ruwan ƙanƙara. Ƙoƙo ɗaya ne ke zagayawa, kuma ƙarami a taron shi ke zubawa. In an yi hutun makaranta, aikin yarinyar ke nan.

Wata Litinin aka kawo aikin jaka ɗari, ana so ran Juma'a. Yarinya ta ga zaman terere ɓata lokaci ne. Su o'o an zama manaja! Ta ɗauke ƙoƙon, ta tura ƙarƙashin gadonta.

Ma'aikata suka zaci uwar ɗakinsu ce ta hana zaman. Ita kuwa ta zaci su suka bari don yawan aiki. Hira ta mutu, kowa ya ɗaure fuska, ɗinki ya riƙa karkacewa.

Ran Laraba Goggo Petrona, gwanar ɗinkinsu, ta miƙe ta ɗauki mayafinta.

"Shekarata goma sha biyu a nan," in ji ta. "Tunda har ruwan sanyi ya gagara, na bar muku aikinku."

In Goggo ta tafi, jaka ɗari ba za ta ɗinku ba. Yarinya ta ruga ta ɗauko ƙoƙon tana hawaye.

"Mama, ni na ɓoye shi. So nake a yi sauri."

Mahaifiyarta ta ce, "'Yata, keke ma sai da mai yake juyawa, balle mutum. Je ki ba su haƙuri."

Yarinya ta cika ƙoƙon, ta miƙa wa Goggo da hannu biyu. Goggo ta daɗe tana hararar ta, sannan ta karɓa ta kurɓa.

"Ƙanƙarar ta yi kaɗan, manaja," in ji ta.

Kowa ya fashe da dariya. Kekuna suka tashi, har ana waƙa. Kafin yammacin Alhamis jaka ɗari ta kammala cif, yarinya tana ta tsalle don murna.

Daga ranar ta gane cewa ma'aikaci sai ransa ya yi fari hannunsa ke yin sauri.