Sunan da Aka Cire Daga Waƙa

Hamdiyya na tsakar gida tana tsintar shinkafa, sai ga Goggo Mairama, ƙanwar babanta, ta faɗo ko sallamar kirki babu, waya a hannunta tana ta zuba kiɗa.

"Zauna nan kina tsince tsakuwa, ana can ana tsince miki miji! Ungo ki gani!"

Salmanu ne a wayar, mijinta, da baƙin tabarau, 'yan mata na juyi a bayansa. Wannan kam ta saba haɗiyewa. A da shi mai gurmi ne, da kansa yake tsara waƙoƙinsa, dattawan unguwar Sabangali na kiransa suna da walima. Tun da ya rataye gurmin ya koma kiɗan rawa na situdiyo dattawan suka ɗauke ƙafa, amma fa babu shagon da za ka wuce a Injamena ba ka ji muryarsa ba.

Abin da ya soke ta shi ne waƙar. Ita ce wadda ya tsara mata lokacin da yake zuwa zance gidansu, mai amshin "Hamdiyya, ruwan randar Gawi", ƙauyen nan da ya yi suna wajen ginin randa. Yanzu kuwa cewa yake "Sheri, sheri, ruwan randar Gawi", wato masoyiya da Faransanci, har yana nuna wata doguwa da yatsa!

"Yau suna ya cire, gobe ke zai cire," in ji Goggo, wadda dama can ba ta taɓa son auren mawaƙi ba.

Salmanu na shigowa gida Hamdiyya ta tare shi, ido jajur.

"Baban Fa'iz, ina sunana?"

Ya sosa ƙeya. "Ki bar maganar nan, ba za ki gane ba."

"Na gane sarai! Randar ma ka ba doguwar ta sha!"

Ta saɓi ɗanta ta goya, sai gidan iyayenta a unguwar Gardole. Goggo ta samu abin yi, kullum tana tafe da sabon labari — an gan shi da doguwar, an ce har mota zai saya mata. Kishi ya hana Hamdiyya cin abinci, ga waƙar kuma ta ƙi barin ta, ko mai shayin ƙofar gida ita yake sakawa.

"Kalas, magana ta ƙare, a karɓo mata takardarta!" Goggo ta ce.

Inno, mahaifiyarta, ta dube ta. "Ke, da kika tambaye shi, kin tsaya kin ji amsa?"

Hamdiyya ta sunkuyar da kai tana hawaye. "Ni ban ce a karɓo komai ba, Inno. Zan jira ya zo ya faɗa da bakinsa."

Ranar Juma'a bayan la'asar Salmanu ya yi sallama, ba tabarau, gurmi a kafaɗa. Ya durƙusa gaban Inno.

"Inna, da sunanta na fara ɗaukar waƙar. Ranar da aka gwada ta a wurin wasa ina tsaye, na ga ƙarti suna karkaɗa ƙugu suna ihun sunan matata — wani har da kwalba a hannu! Wallahi saura kaɗan in fasa lasifikar. Na ce a goge. Mai situdiyo ya ce sunan ne daɗin waƙar, na ce ko za a fasa gaba ɗaya sai an goge. A kan haka ya soke tafiyar da ya shirya mini zuwa Kamaru."

"To doguwar fa?" Goggo ta cafe.

"Goggo, hayarta aka yi. Ko sunanta ban riƙe ba."

Daga bayan labule Hamdiyya ta ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kunya. Kullum ina ce miki ki rage kishi, sai in zo in ce nawa ya fi naki?"

Inno ta rufe baki da mayafi tana dariya. Goggo ta taɓe baki, ta ce ita dai ba ta ga abin dariya ba.

Salmanu ya share ƙurar gurmin da hannun riga, ya ɗaure tsirkiyar. "Kiɗan rawa sana'a ce, ba zan bari ba. Amma wannan ta cikin gida ce." Ya fara kaɗawa a hankali, yadda ko mai shayi ba zai jiyo ba. Da ya iso amshi ya faɗi sunan cikakke, labulen ya motsa, Hamdiyya ta fito da mayafinta da ɗanta a baya.

'Yan'uwa mata, kishi ba laifi ba ne, amma wadda ta bari wani ya fassara mata mijinta tana iya rasa gidanta a banza. Ku kuma maza, ku riƙa buɗe baki. Da Hamdiyya ta biye wa Goggo, da har yau tana jin "sheri, sheri" tana kuka, ba ta san sunanta ake ɓoyewa daga bakin ƙarti ba.