Tsohuwar da Ta Koyi Jera Turanci

A wani gari can baya, an yi wata tsohuwa mai jika ɗaya tak. An haifi yarinyar a ƙasa mai nisa, ba ta jin komai sai Turanci.

Da tsohuwa ta ji za a kawo mata ita, sai ta tafi wurin malamin makaranta. Ta haddace kalmomi da yawa, amma jera su ya gagare ta.

Malam ya ce, "Iya, Hausa 'jikata' take cewa, Turanci kuwa 'tawa' yake fara faɗa, sannan 'jika'. A sake."

Ta sake, ta kuskure. Tana daka tana jerawa, tana shara tana jerawa, maƙwabta na yi mata dariya.

Ranar da baƙi suka iso, ta miƙa hannu ta ce, "Child my, come." Yarinya ta ɓuya bayan babanta. Tsohuwa ta shige ɗaki ta yi ta kuka, ta ce ita da Turanci har abada. Kwanaki suka wuce, suna kallon juna kawai.

Ranar tafiya ta kasa daurewa. Ta dafa ƙofar mota, ta jera a hankali: "My child, come back."

Yarinya ta yi murmushi, ta zuba mata dogon zance. Ko kalma ɗaya tsohuwa ba ta kama ba. Mota ta tashi.

Washegari da safe ta tsaya a ƙofar malam, idanu a kumbure, ta ce, "Malam, a sake."